Libarbar da ke cikin akwatin kakanku

Ɗana Sani, na ga saƙonka da hotunan. Ka ce kun buɗe akwatin ƙarfen marigayi kakanku a gidanmu na Tudun Wada, kun tarar da 'yar ƙaramar bindiga naɗe cikin tsumma. Kana tambaya wace iri ce, kuma ko gaskiya ne a al'ada babban ɗa ke ɗauka, kamar yadda yayanka ya dage, har ana maganar fita da ita Hawan Daushe.

Kafin komai, kada kowa ya taɓa kunamarta. Tsatsa ba ta hana harsashi tashi.

Libarba ce, ƙirar Webley ta Birmingham a Ingila. Rubutun da ke gefenta a hotonka, Mark VI, samfurin da sojan Ingila suka fara riƙewa ne a 1915. Harsashi shida take ci, mai lamba .455. Karya ta ake yi ta tsakiya, baki ya sunkuya ƙasa, kwanson harsasai su yo waje. Zoben nan na gindin ƙota, igiya ake ɗaura masa, hafsa ya rataya a wuya. Ka duba da kyau ko akwai wata 'yar alama mai kama da sawun kaza. Kan kibiya ne, hatimin kayan gwamnatin Ingila. Kakanku a Defo na nan Zariya ya yi horo kafin a kai su yaƙin Boma. Libarba kuwa galibi ta hafsoshi ce, kurtu doguwa yake saɓawa, shi ya sa ko a barikin ma abin kallo ce a hannun ɗan ƙasa.

Batun al'ada, yayanka ya riƙe rabin zance. Lalle takobi, alkyabba da sirdi akan bar su hannun babba don kada kayan gida su watse. Amma ajiya ce aka ba shi. In ana rabon gado, malamai kimanta su suke yi a cire daga kasonsa, sai fa in sauran magada sun yafe, har da gwaggonninka mata, waɗanda kullum ake mantawa a tambaya.

Ita wannan ma ba ta kai ga rabo ba. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba cikin waɗanda aka haramta riƙewa sai da lasisin shugaban ƙasa, lasisi kuma ba a gādonsa. Maganar fita da ita Hawan Daushe ku bar ta. 'Yan bindigar fada harba-ruga suke ɗurawa albarushi, kuma kowa ya san su.

Ku ɗauki hoton kowane rubutu da lambar jikinta, ku haɗa da takardar sallamarsa daga soja, ku adana. Ita kuwa kada ka sako ta a jaka ka hau babur. Ka sami lauya da mai unguwa su sanar da 'yan sanda, su zo gida su karɓa, su ba ku shaida a rubuce. Ka gaida mahaifiyarka.

Baffanka