Ga ɗan'uwan da firinta da sauti suka ɗauke masa bayan hawa Windows 11

Sannu ɗan'uwa. Ka ce tun da ka koma Windows 11 firinta ta daina amsawa, sauti ya ɗauke, tsohuwar manhajar lissafinka ma ta ƙi buɗewa, kana tambaya ko ka kai a yi maka fomat, wato a goge komai a sake sa Windows. Don Allah kada ka kai. Ina karanta saƙonka gabana na faɗuwa, kai ka ce ni na rubuta shi.

Fara duba ko ka cika kwana 10 da hawan. In ba ka cika ba, hanyar komawa Windows 10 tana nan: Settings, System, Recovery, sai Go back. Abin da ke riƙe da hanyar wani folda ne a cikin C mai suna Windows.old, kuma shi wani mai gyara ya share mini. Firinta kawai ta kai ni wurinsa. Ya ga foldan ya cinye wuri, ya ce shara ce, ya goge kafin in buɗe baki, ina tsaye a bayansa ina kallon koren layin nan yana tafiya. Da firintar ta ƙi, sai ya ce kwamfutar ce ta tsufa, sai fomat. Ya yi, bai kwashe ko takarda ɗaya daga Documents ba. Aikin mutane ne fa a ciki, amana aka ba ni. Da na tambaye shi, yana danna wayarsa ko ɗago kai bai yi ba, wai ai ban ce akwai abu a ciki ba. Wane mai gyara ne ba ya tambaya? Har yau in na tuna fuskarsa raina ɓaci yake. Kuma bayan duk wannan ɓarna firintar ba ta tashi ba!

Ashe direba ne kawai, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da na'ura irin firinta ko sauti. Danna dama a kan Start, shiga Device Manager, duk inda ka ga ɗan alwatika mai ruwan ɗorawa da alamar motsin rai, nan ciwon yake. Na sauti, buɗe Properties ka je Driver. In Roll Back Driver na dannuwa, danna, in ba ya yi ka cire direban ka sake kunna kwamfutar. Na firinta kuwa, cire ta gaba ɗaya, ka juya bayanta ka kwafo lambar samfurin, ka sauke direba daga shafin kamfanin da ya ƙera ta. Waɗannan manhajojin da ke cika baki za su sabunta maka direbobi duka da danni ɗaya, ka yi nesa da su, ni dai ban yarda da su ba.

Af, akwai abin da ba kowa ke lura da shi ba. A Windows Security, ƙarƙashin Device security, cikin Core isolation, akwai Memory integrity. Yakan hana tsofaffin direbobi aiki. In ka kashe shi na'urar ta tashi, ka gane mai laifi, amma tsaro ne ka rage, saboda haka ka mayar da shi da zarar ka samu sabon direba.

Manhajar lissafin, danna dama a kanta, Properties, Compatibility, zaɓi Windows 7 ko 8, ka sa ta buɗe a matsayin administrator. Da yawa daga cikin tsofaffin nan wani ɓangaren Windows mai suna .NET Framework 3.5 suke nema, kuma a Windows Features ake kunna shi. In kuwa 16-bit ce, wato irin tsohon tsarin nan na zamanin da, sai haƙuri, Windows 11 64-bit ce zalla, ba za ta ɗauke ta ba.

Ko ka koma baya ma ka sani zaman wucin gadi ne, tunda tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Yau ɗin nan ka kwashe fayilolinka zuwa filashi, ka leƙa asusunka na Microsoft ka rubuta makullin BitLocker, wato tsarin da ke kulle bayanan cikin kwamfutar, a takarda in yana kunne, kafin hannun kowa ya taɓa kwamfutar. Sannan ka turo mana lambar firintar da abin da Device Manager ya rubuta a gaban alamar.