Amsa ga ƙanenmu da aka kira aikin tuƙin jirgin sama

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena, na ji saƙonka tun da rana, sai yanzu na samu sukuni. Ka ce wani kamfani ya ɗauke ka mataimakin matuƙi a nan Abuja, amma albashin ya kashe maka jiki har kana tunanin ƙin karɓa. Ni dai shawarata ka karɓa.

A shekarun farko awoyin tuƙi a sama ake tarawa. Ka fito daga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya da awa wajen 200, lasisin da zai kai ka kujerar hagu, ta kyaftin, kuwa sai ka cika 1,500. Zaman gida ba ya ƙara ko minti ɗaya, ga hannu yana sanyi. Dukkanmu mun san masu lasisi da ke zaune shekara da shekaru, suna biyan gwajin lafiya daga aljihunsu don kar takardarsu ta mutu.

To, maganar zama. Ka manta da Wuse da Maitama tukuna. Ku haɗu ku biyu ko uku ku kama gida a Lugbe ko Kuje, ta ɓangaren filin jirgi, ku sayi buhun shinkafa, ku riƙa girki. Amma don girman Allah, kar arhar haya ta ja ka Mararaba. Jirgin ƙarfe bakwai na safe, kai tun kafin a kira asuba kana kan titi, ka ratsa garin nan kaf, da yamma kuma cunkoson Nyanya ya riƙe ka har bayan isha'i. Yaushe ka yi barci? Wannan abin yana damuna ƙwarai. A 2009 jirgi ya faɗi kusa da Buffalo a Amurka, mutum 50 suka rasu. Mataimakiyar matuƙin albashinta ƙarami ne, a gidan iyayenta take zaune can wajen Seattle, ta kwana a hanya kafin ta kama aiki. Masu bincike sun yi maganar gajiya sosai. Ka rage komai, ban da barci.

Sai gida. Ranar da aka gan ka da farar riga da igiya a kafaɗa, dangi za su ce ka haye. Kuɗin makarantar wane, bikin wance, duk kanka. Ka zauna da Baba da Hajiya, ka nuna musu takardar albashin da idonsu, ka yanke abin da za ka iya turawa duk wata. Iyaye suna fahimta idan an gaya musu gaskiya.

Kuma ka yi lissafinka a kan gundarin albashi. Idan alawus ɗinku na awoyin tashi ne, Disamba da Janairu hazo ya rufe Kano ko Jos, a soke tashi, ka ga ya zube.

Abu na ƙarshe, takardar yarjejeniya. Horon nau'in jirgin da za ka tuƙa, Boeing 737 ne ko Embraer, yawanci da dala ake biyansa, ka kuwa san inda dala ta kai tun da aka saki naira a 2023. Idan kamfanin ne zai biya ya ɗaure ka da yi masa aiki, ka duba shekara nawa ce, bashin yana raguwa duk shekara ko a'a, da dala aka rubuta shi ko da naira. Kar ka sa hannu gobe. Turo min ita ta gefe yau da dare, mu karanta tare, sannan lauya ya duba.