Za a iya kai ɗan bautar ƙasa filin daga?

Ƙanena, ka ce an tura ka sansanin 'yan bautar ƙasa na Wailo da ke Ganjuwa a jihar Bauchi, amma Hajiya ta hana ka tafiya don ta ji a WhatsApp wai in manyan ƙasashe suka gwabza, 'yan bautar ƙasa za a fara kwasa.

Ka kwantar mata da hankali. Najeriya ba ta tilasta wa kowa aikin soja, mai so shi ke nema. Janar Yakubu Gowon ya kafa NYSC, wato shirin bautar ƙasa, a 1973, bayan yaƙin basasa, don matasan Kudu da Arewa su san juna. Ni ma na yi sati ukun nan na horo a sansani. Kakaki ya tashe mu da asuba, mu yi fareti cikin fararen kaya, sanyi na ratsa ƙashi. Ko bindiga ba a ba mu mun riƙe ba. Da Koriya ta Kudu ce, inda dole namiji ya yi soja, da tsoronta ya yi tushe.

Rigimar manyan ƙasashe ta aljihu take iso mana. Tun da Rasha ta auka wa Yukren a 2022, taki da fulawa suka yi tashin gwauron zabo, domin Rasha na cikin manyan masu fitar da taki da alkama. Tambayi 'yan kasuwar Muda Lawal ka sha labari.

Don Allah kada ka ƙi zuwa saboda jita-jita, rashin takardar kammalawa zai tare maka aikin gwamnati. Kada kuma ka biya wani ya sauya maka jiha. In rashin lafiya gare ka, karɓi takardar likita ka kai wa hukumar NYSC da kanka.