Golgi ne ya gano rinin, me ya sa sunan Cajal ya fi tashi?

Malam, ka yi tambaya mai kyau: tunda Camillo Golgi na Italiya ne ya gano rinin da ake ganin ƙwayoyin jijiya da shi a 1873, kuma tare aka ba su kyautar Nobel a 1906, don me ake kiran Santiago Ramón y Cajal na Sifaniya uban ilimin ƙwaƙwalwa? Sai mutum ya san halin rinin kansa kafin ya gane amsar.

Ga yadda ake yi. A yanko ɗan gutsuren ƙwaƙwalwa mai kaurin milimita biyu zuwa huɗu, a jiƙa shi kwanaki kaɗan a ruwan sinadarin fotasiyam daikuromet da aka haɗa da osmiyam, wajen kashi huɗu na farkon da kashi ɗaya na biyun. Daga nan a mayar da shi cikin naitiret na azurfa mai ƙarfin 0.75 cikin ɗari, kwana ɗaya ko biyu. Wani baƙin gari yakan taru cikin wasu ƙwayoyin ya cika su har ƙarshen rassansu. Ƙwayoyi kaɗan ne ke kamawa, da wuya su wuce biyar cikin ɗari, kuma amfanin ke nan: da duka za su kama, baƙi ƙirin kawai za ka gani.

Rinin yana da taurin kai. Idan jiƙon farko bai isa ba, garin ya watsu ko'ina ya ɓata yankan. Idan ya wuce kima, kusan babu abin da zai kama. Gefen naman kuma yakan yi ɓawon azurfa. Osmiyam ɗin ma guba ne, tururinsa na ɓata ido, ba a buɗe shi sai a akwatin zuƙe iska. Saboda irin wannan wahala, mutane kaɗan ne suka amfana da hanyar har shekara goma sha huɗu.

Cajal ya fara ganin rinin a 1887 a Madrid, wurin likita Luis Simarro. Gyara uku ya yi. Ya riƙa maimaita jiƙon sau biyu. Ya yanka naman da kauri, don a bi reshe guda ba tare da wuƙa ta tsinke shi ba. Na ukun shi ne babba: ya bar ƙwaƙwalwar manyan dabbobi ya koma ta ɗan tsako tun yana cikin ƙwai da ta jariran dabbobi, domin kitsen mayelin da ke naɗe jijiya yana hana rinin shiga, su kuwa bai riga ya lulluɓe nasu ba. A 1888, yana Barcelona, ya duba ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya ta tsuntsaye, ya ga kowane reshe yana ƙarewa a kusa da wata ƙwaya ba tare da sun narke sun zama abu ɗaya ba. Golgi kuwa ya tsaya kan cewa jijiyoyin raga ce guda a haɗe, har a jawabinsa na karɓar Nobel ya soki ra'ayin Cajal.

Da yake masana ba sa karanta Sifaniyanci, a 1889 Cajal ya ɗauki gilasansa masu ɗauke da yankan naman da ya rina ya tafi taron masana ƙirar jiki a Berlin, ya zaunar da babban masani Albert von Kölliker ya gani da idonsa. Daga nan maganar ta bazu. Cajal ne kuma ya fara bayanin ƙananan ƙayoyin da ke jikin rassan ƙwaya a 1888, waɗanda wasu suka ɗauka dattin azurfa ne, da bakin reshen jijiya mai tsiro a 1890. Sai a shekarun 1950, bayan rasuwarsa a 1934, madubin lantarki mai girmama ƙananan abubuwa ya nuna ratar da ke tsakanin ƙwayoyin, wajen nanomita 20 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), abin da ya gaskata shi.

A ganina nauyin Cajal ya fi fitowa a almajiransa: Pío del Río Hortega ya bayyana maikurogiliya, ƙananan ƙwayoyin da ke tsaftace ƙwaƙwalwa, a 1919, Fernando de Castro ya yi aiki kan ƙullin jijiyar wuya mai jin yanayin jini. Amma ba a komai Cajal ya dace ba. An gano wuraren da ƙwayoyi ke miƙa wa juna lantarki kai tsaye ta ƙananan kafofi, sannan a ƙwaƙwalwar manyan ɓeraye an ga sababbin ƙwayoyi na fitowa, abin da shi ya ɗauka ba ya faruwa bayan girma.