Amsa: Komawa ɗakin duhu bayan shekaru

Sannu da dawowa Malam. Ka ce kayan wanke hotonka sun daɗe a ajiye, kana tambaya ko tsohuwar takarda da sinadarai za su yi aiki.

Sinadaran da aka riga aka haɗa da ruwa, zubar da su kawai. Garin Dektol kuwa, wato difelofa (sinadarin da ke fito da hoto a takarda), in fakitinsa a rufe yake kuma bai koma ruwan ƙasa ba, sau da yawa yana nan lafiya.

Takarda ce abin dubawa, don zafi yana sa ta yi hazo. Yanko guntaye biyu daga takardar a ƙarƙashin jar fitila, kada ka haska su. Ɗaya ka sa shi a fiksa (sinadarin da ke tsayar da hoto) kai tsaye, ɗayan ka fara bi da shi ta difelofa minti 2 kafin fiksa. Jera su a haske. In na biyun ya yi toka-toka, takardar ta tashi aiki, kada ka ɓata darenka a kanta. Kodak ta daina yin takardar baƙi da fari tun 2005, amma kamfanonin Ilford a Ingila da Foma a Jamhuriyar Cek suna yi har yau.

Ka gwada jar fitilar ma: ɗora kwabo a kan takarda da ka ɗan haska, ka bar ta minti 5, ka wanke. In siffar kwabon ta fito, fitilar tana cin takarda.

Ruwan difelofa ya zauna wajen digiri 20. A bazara ni kwalbar ƙanƙara nake tsomawa a tire. Ka kuma leƙa gilashin na'urar faɗaɗa hoto, ko fumfuna ta kama shi.