Yaya, ga dalilin da ya sa muke waƙar katun da gemunmu

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, da fatan damina ta yi albarka. Saƙon muryarka ya iso, har na jiyo dariyar mutane a bayanka, na san a majalisar ƙofar gida aka kalli bidiyon. Ka ce ka ga magidanta, wasu har da furfura, sun dafa kafaɗar juna a wajen walima a Makka suna rera waƙar 'yar tsana, ka tambaya ko rana ce ta taɓa mana kai. Raina bai ɓaci ba. Da a gefen Jahun na tashi, ni ma abin da zan ce ke nan.

Mu da aka haifa a nan ba mu san dandali ba. Ku idan farin wata ya fito, 'yan mata na gaɗa, samari na langa, kafin barci kuma a kewaye tsohuwa ta buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku". Mu a unguwar Shara Mansur ta Makka muka tashi, ɗakuna biyu a jikin dutse, lungu ko mota ba ta shiga, ga zafin da ba ya barin yaro ya taka ƙasa babu takalmi. Iyaye da yawa ba sa so yaro ya yi nisa da gida saboda maganar takardar izinin zama, wato iƙama. Sinima kuwa a rufe take a ƙasar, sai 2018 aka sake buɗe ta. Abin da ya rage mana shi ne shirin yara da gidan talabijin na gwamnati yake sawa bayan La'asar. Duk gidan da ke da akwati, nan za ka ga takalma tuli a bakin ƙofa, yaran Hausawa da Barebari da 'yan Yaman an cika tabarma, ƙanana a gaba suna shan ranƙwashi idan sun tare wa manya. Da an kira Magariba tashar da kanta take katse shiri, kowa ya nemi takalminsa ya nufi masallaci.

Waƙar da ka ji ta Grendizer ce, wani ƙaton mutum-mutumi na ƙarfe da ke kare duniya daga mahara. A Japan aka yi shi a 1975, Go Nagai ne ya ƙirƙire shi, aka juya shi zuwa Larabci a Labanon. Jihad al-Atrash ne muryar jarumin, Sami Clark kuma ya rera waƙar. Da mawaƙin ya mutu a 2022, sai da wayoyinmu suka cika da labarin. Kuma ba mu kaɗai ba ne da wannan ciwo. A shekarar dai aka kafa mutum-mutumin Grendizer a Riyad, tsayinsa ya haura mita 30, manyan mutane suna zuwa ɗaukar hoto a gindinsa.

Amma abin da na fi so ka gane, kai da ka zauna gaban malam, shi ne maganar harshe. A gida Hausa muke yi. A titi Larabcin Hijaz ake yi, wanda ba ruwansa da nahawu. Katun ɗin nan kuwa da Larabcin littafi aka fassara su, Fusha tsantsa, da i'irabinsa cif. Sai ka ga yaro ɗan shekara shida, uwarsa tana sayar da gyaɗa da yaji a bakin titi, ya ɗaga sanda yana yi wa abokinsa barazana da jimla mai fa'ili da maf'uli, kowanne da wasalinsa daidai, abin da ku sai kun sha Ajurrumiyya a zaure kafin ya zauna muku a baki. Akwai kuma Iftah Ya Simsim, wanda aka fara a Kuwait a 1979, mai koyar da baƙaƙe da ƙirga. Cikinmu akwai waɗanda rashin takarda ya hana shiga makarantar gwamnati, daga allo sai wannan akwati. Na san mutanen da yau suke tsayawa tsakanin alhazanmu da likita ko mai otal suna tafinta, kuma idan ka matsa musu za su gaya maka a gaban talabijin kunnensu ya fara buɗewa.

Akwai wanda ba mu cika rera waƙarsa a taro ba, don yana sosa wuri mai ciwo. Labarin Marco ne, yaron da ya bar Italiya shi kaɗai ya tafi Ajantina neman uwarsa da ta je aikatau. Duk garin da ya isa sai a ce masa ta tashi. Yaran Larabawa labari suke kallo. A tabarmarmu kuwa akwai yaron da aka kama uwarsa babu iƙama aka mayar da ita Kano, yana hannun maƙwabta, bai san ranar da zai sake ganin ta ba. Idan aka sa shirin ba mai kallon fuskarsa. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, wadda ba ta jin Larabcin littafi ko kaɗan, ita ma takan jawo kujera. Ka san su da ƙafa suka baro ƙauye, ta Barno da Chadi da Sudan, suna yada zango suna ƙwadago har suka kai bakin teku. Takan tambaye mu kullum, "Yaron nan ya same ta kuwa?"

Ka tambaya ko malamai ba su yi magana ba. Sun yi. A 2001 an haramta Pokémon a ƙasar, kati da wasan duka, kuma iyayenmu sun ƙona na ƙannenmu ba tare da jiran bayani ba. Masu fassarar ma ba sa sakin abu yadda ya zo. Cibiyar Zuhra ta Dimashƙ, wadda ta yi wa tashar Spacetoon yawancin aikinta tun da aka buɗe ta a 2000, takan mayar da giya ruwan 'ya'yan itace, ta tsawaita riga, ta canza suna. Tun kafin su ma an saba da haka. Ɗan ƙwallon Japan mai suna Tsubasa a wurinmu Kyaftin Majid ne, kuma mun girma sosai kafin mu yarda ba Balarabe ba ne.

Ba zan ɓoye maka hasarar ba. Da yawanmu muna iya rera waƙar katun tun daga farko har ƙarshe, amma a ce mu kawo tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi guda ɗaya, sai mu tsaya a tsakiya muna inda-inda. Kakarmu ta yi ƙoƙari, sai dai lokacin da za ta fara mun riga mun ƙoshi da labari. Hausar wasunmu ma ta zama ta cefane da gaisuwa. Wannan kuna da gaskiya idan kuka yi mana gori a kai.

Mu ma a tsakaninmu ba a rasa gardama. Mu 'yan Grendizer muna ganin ƙannenmu 'yan Spacetoon ba su ga komai ba, su kuma suna ce mana tsofaffi, suna kafa hujja da muryar Rasha Rizk, mai rera waƙoƙin katun na tashar. 'Ya'yanmu kuwa kowa da wayarsa, kowa da abin da yake kallo a YouTube, ko 'yan ɗaki ɗaya ba su da waƙa guda da suka haɗu a kai. Da aka fito da sabon Grendizer a 2024 na zaunar da babban ɗana mu kalla tare. Bai kai ƙarshen kashin farko ba ya ce abokansa suna jiran sa.

A gaishe da Inna da mutanen gida, a gaishe da 'yan majalisa.