Yaƙin sararin samaniya: na bi-da-bi zan saya ko na kai-tsaye?

Tambaya: Malam, salamu alaikum. Na tara ɗan kuɗi zan sayi gem irin wanda ake kafa daula a sararin samaniya. Abokina ya ce in nemi wanda ake gwabza yaƙi kai-tsaye, wai na bi-da-bi na tsofaffi ne. Laftof ɗina tsohuwa ce, kuma sai bayan isha'i nake samun sukuni. Ɗalibi daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ban yarda da abokinka ba. Kafin ka fid da ko sisi, tambayi kanka: in an kara, me kake so ya ba ka nasara, saurin hannu ko zurfin shiri?

Na bi-da-bi kamar dara yake, ka yi naka, ka jira abokin karawa ya yi nasa. Uban tafiya a nan shi ne Master of Orion II na 1996. Kai za ka zana kowane jirgi, ka zaɓa masa makamai, sannan a fagen fama ka tuƙa su ɗaya bayan ɗaya. Garkuwar jirgi ɓangare huɗu ce, in an ragargaza ta gaba sai ka juya shi ya ba da gefen da ke da sauran ƙarfi. Kana ma iya tura dakaru su haura jirgin abokin gaba su ƙwace shi. Duk asarar da ka yi za ka san daga ina ta fito, kuma wannan ne daɗinsa. Aibinsa yana can ƙarshen wasa: in jirage suka yi yawa, karo ɗaya sai ya cinye maka dare, har ka gaji ka bar wa kwamfuta ta ƙarasa.

Wannan nauyin na cikin abin da ke tura masu ƙera irin waɗannan wasanni zuwa ga kai-tsaye. Ko sabon Master of Orion na 2016 faɗansa can ya koma, tsofaffin masoyansa kuwa da yawa ba su ji daɗi ba.

Sai dai kai-tsayen ma ba ɗaya ba ne, kuma nan ne masu saye ke yin kitso da ƙwarƙwata. Homeworld na 1999 yana son idonka da hannunka: jirage na kawo hari ta sama da ta ƙasa, kuma rundunar da ta tsira ita za ka shiga mataki na gaba da ita. Stellaris na kamfanin Paradox, wanda ya fito a 2016, agogonsa na tafiya, amma kana tsayar da shi duk sa'ad da ka so. Da zarar rundunoni sun haɗu, kusan kallo ne naka. Tun a wurin ƙera jiragen aka ci yaƙin ko aka faɗi. Wanda ya saye shi don ya riƙa sarrafa kowane jirgi a tsakiyar wuta zai yi da-na-sani.

Kai da ke zama a gajiye da tsohuwar na'ura, fara da Master of Orion II. Ana sayar da shi da araha a GOG da Steam, shagunan sayar da gem na intanet, ba ya wahalar da kwamfuta, in kuma aka kira ka sai ka tashi, ba abin da zai motsa. Stellaris kan yi nauyi idan daula ta bunƙasa, ko a kwamfuta mai ƙarfi.

Tambaya: Malam, in na saya ban so ba, kuɗina sun tafi ke nan? Wata 'yar'uwa daga Maraɗi.

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Steam na mayar da kuɗi matuƙar ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma wasan da kika yi bai kai awa 2 ba. Amma ki kula, awa 2 ta ishe ki ɗanɗana faɗan Homeworld, ba lallai ta kai ki ga babban yaƙi a Stellaris ko Endless Space 2 ba, don farkonsu bincike ne da gini. Saboda haka nemi bidiyon yaƙin ƙarshen wasa a YouTube, ki lura da abin da mai wasan ke dannawa. Tallan kamfani fashe-fashe kawai zai nuna miki. Endless Space 2 ɗin nan na bi-da-bi ne, amma a faɗa tsari za ki zaɓa tun farko, sannan ki zuba ido.

Tambaya: Babu wanda ya haɗa biyun? Magidanci daga Kumasi.

Amsa: Akwai, Alhaji. Sword of the Stars na 2006 mulkinsa bi-da-bi ne, faɗansa kai-tsaye. Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne Battlestar Galactica Deadlock na 2017: kowane ɓangare ya ba da umarninsa wasa na tsaye, sai a saki, jiragen duka su motsa tare na 'yan daƙiƙoƙi. Dole ka yi hasashen inda abokin gaba zai karkata kafin ka juya bindigoginka. Shi dai yaƙi ne zalla, ba a kafa babbar daula a cikinsa, in kafa daula kake nema sai ka koma ga Sword of the Stars.